Kumburin Goshin Rahila

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsaya mini lokacin da ba ni da kowa.

Sunana Saratu. A shekarun fari muna zaune a wani ƙauye kusa da Tirmini. Maigidana ya tafi ci-rani, ya bar ni da ɗiyarmu Rahila, 'ya'yan anza, itacen daji mai ɗaci, muke jiƙawa mu ci. Rahila ta yi mura da ta ƙi warkewa, majina mai wari, kai na sara. Sai goshinta ya kumbura ya yi laushi, idon hagu ya rufe ruf.

Kowa ya ce kumburin yunwa ne, don rabin yaran gari a kumbure suke. Na riƙa tura mata rabona, ni in sha ruwa. Wanzami ya yi mata ƙaho, jini kawai ya fito.

Wata safiya ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ina innata?" Wayyo, ɗiyata ba ta gane ni ba! Na durƙusa bayan rumbu ina kuka, na ce, "Yesu, gero ya tafi na yi shiru, awaki sun mutu na yi shiru. Wannan kam ba zan yi shiru ba. Ita kaɗai gare ni."

Ban tashi ba sai da abu ya faɗo mini a rai: yaran yunwa ƙafafunsu ke fara kumbura, na Rahila kuwa kamar kara. Na goye ta, budurwa guda, har bakin hanya, wata mota ta kai mu asibitin Damagaram.

Likita ya danna goshin, ta yi ƙara. Bayan an ɗauki hoton kai ya ce, "Inna, ba yunwa ba ce. Murar nan ce ta tara mugunya a kogon ƙashin da ke saman hanci. Ta ci ƙashin, tana neman ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake ganin irinsa ba. Yau za mu yi aiki."

Suka tsaga, suka kwashe, aka yi ta yi mata allura makonni. Ba zan yi muku ƙarya ba, idon hagu bai dawo ba, kuma na yi kukansa har na gaji.

Amma godiya ta tabbata ga Ubangiji! Kai da ke da mai ciwo a gida, ka yi addu'a, ka tashi ka kai shi likita, kada ka fid da rai. Rahila ce waccan cikin mawaƙa, mai goyo a baya. Amin.