Ƙarfen da Tahani Ta Tsinto

A wata rumfa a kasuwar Bab Makka, Tahani na matse ƙananan hulunan tagulla a bakin igiyar carbi. Wani dattijo Bahaushen Sudan da ya kawo nasa gyara ya zuba wa guntun ƙarfen da take aiki da shi ido.

"'Yata, ina kika samo wannan?"

"A tarkacen masana'antu, Baba. Injina ya karye, kafili, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ce in sayi sabo ko in bar rumfar. Ni kuwa ban yi karatu don in zauna ina kuka ba."

"Da irinsa ake matse bakin harsashin ƙaramar bindiga. Ki jefar da shi. Ranar da wani ya gane, har iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, sai ta tafi."

"Dubban mutane sun wuce nan, ba wanda ya gane sai kai. Ina ka san shi?"

Dattijon ya ajiye carbinsa a gabanta.

"Aikina ke nan a can gida. Na matse da yawa, ban taɓa sanin jikin wa suka shiga ba."

Tahani ba ta saki ƙarfen ba. Ta zura igiyar carbinsa, ta matse, ta miƙa masa.

"Wannan dai ka san hannun da zai shiga. Halas, magana ta ƙare. In ƙarata za ka kai, bismilla."

Ya gwada hular da farce, ya jawo kujera.

"Kina danna shi da yawa, igiyar za ta tsinke. Matsa in nuna miki."