Wacce Ce Shugabar a Cikin Kwantenonin?

Kamaruddeen: Salamu alaikum. Tahira, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?

Tahira: Wa alaikumus salam. Da godiya, Kamaruddeen. Ya ofis?

Kamaruddeen: Lafiya lau. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ya su Inna?

Tahira: Amin. Tana ciki da masu gaisuwa. Ɗaga murya, a gonar da ke bayan gidanmu nake, cikin gero, nan kaɗai ake samun sabis.

Kamaruddeen: Wallahi kunyar kiranki nake ji. Rumbun bayanan kwamfutarmu da kike kula da shi ne ya tsaya tun safe. Motoci sun yi layi a sitonmu na Dawanau, ba a san buhun wa za a loda ba.

Tahira: Rumbun wa ya zube?

Kamaruddeen: Rumbun bayanai! Oga ya ce in sake tayar da kwantenonin, wato manhajoji ukun nan da ke riƙe da rumbun, amma ban gane wacce ce head node, shugabarsu, ba.

Tahira: Ita ce mai raba wa sauran aiki. In ka kashe ta tana tsakiyar rubutu, kun shiga uku.

Kamaruddeen: Ba ta farkon ba ce? Ita na gani a saman fayil.

Tahira: Da can ita ce. An ɗauke wuta jiya?

Kamaruddeen: An ɗauke, janareto kuma ya yi gardama.

Tahira: To shugabancin ya koma kan wata. Shiga kowacce, ka rubuta status. Wadda ka ga an sa head a gabanta, ita ce.

Kamaruddeen: Tsaya… ta farko ba ita ba. Ta biyu ma haka.

Tahira: Saura ta uku ke nan. Kar ka taɓa ta.

Kamaruddeen: Tahira…

Tahira: Ina ji.

Kamaruddeen: Na riga na kashe ta kafin in kira ki. Na ɗauka 'yar aiki ce.

Tahira: Inna lillahi. Kamaruddeen, tun da aka kai Baba ban samu na zauna na yi kukansa ba.

Kamaruddeen: Ki yafe ni. In turo mota Rimin Gado ta ɗauko ki?

Tahira: Ba inda zan je in bar Inna. Kunna ta, ka cire hannunka, ka bar ta ta farfaɗo da kanta. In ba ta tashi ba, ka faɗa wa Oga gaskiya.

Kamaruddeen: In ya ce in sake kiranki fa?

Tahira: Ka ce masa ina zaman makoki. Ga Inna na kirana.

Kamaruddeen: Tahira? Halo?