Kifin Ado da Ƙurajen Hannuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ina aiki? Ni ce Malama Saratu, ina koyarwa a wata firamare nan Talata Mafara.

Bara maigidana ya kawo mana akwatin gilashi da kifayen ado a ciki, ni ke sauya masu ruwa. Wata rana na wanke shi da hannu, alhali wuƙa ta yanke ni a yatsa. Bayan kamar mako uku wani ƙurji ja ya fito a wurin. Na sha maganin kemis, bai ji ba. Sai wasu suka biyo shi a jere, suna hawa har gwiwar hannu, suna ruwa. Na kasa riƙe alli. Innata ta taso daga Bakura hankali tashe, ta ce jifa ne.

Maƙwabciyata Maman Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, ta duba ta ce, "Malama, ke ke wanke ruwan kifin ga? Tashi mu tafi asibiti." Likita ya ce ƙwayar cuta ce daga ruwan ta shiga ta yankan, kuma maganin sai an sha watanni.

Jama'a, mai irin wannan akwati ya sa safar hannu ta roba in zai wanke shi. Jiya kuma na ga ɗan ƙurji a yatsan ɗiyata, ashe tana tsoma hannu a ruwan kifin. Gobe za mu asibiti. Malam, a tambayar min likitan shirin: mu rabu da kifayen ne, ko akwai dabara? Ku sa mu a addu'a.