Ƙwayar da Ladidi Ke Raba Mini da Reza

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da wannan shiri, ina gaisuwa da fatan alheri.

Ni direban babbar mota ne a Sabon Garin Wudil, ina ɗauko siminti daga Ikko. Bara muka yi hatsari, abokin tuƙina ya cika a hannuna. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Likita ya rubuta mini ƙwayar barci ta mako biyu, ni kuwa na ci gaba da saye a kemis har wata takwas. Ɗaya ta daina yi mini, na koma uku. Matata Ladidi ta ga ina gyangyaɗi a kan tuwo, sai ta zubar da su duka. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba. A kwana na uku jikina ya kama rawa, na yanke jiki na faɗi a tsakar gida.

A asibiti likita ya ce, "Ba a yanke ta lokaci guda, a hankali ake ragewa."

Ladidi ta fashe da kuka, ta ce, "Malam, ashe na kusa kashe ka."

Na ce, "Ke kaɗai kika lura ina mutuwa."

Yanzu ita ke riƙe da kwalbar maganin da likita ya sake ba mu, tana raba mini ƙwayar da reza. Mun sauko zuwa rabin ƙwaya.

Ina neman shawarar waɗanda suka rabu da ita gaba ɗaya: yaya suka yi da rabin ƙarshe? Sannan a gaishe mini da Ladidi, na san tana sauraro. A gaya mata ta yafe mini faɗan nan, bakina ya kasa faɗa mata.

Naku, Sale Direba.