Soket Ɗaya a Ɗakin Jira

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A ɗakin jiran asibiti na ji wata dattijuwa da wani direba suna faɗa kan soket ɗaya tak.

"Ɗan nan, cire wayarka in sa tawa. Cajina saura kaɗan, ga surukata tana naƙuda, ban sanar da ɗana, mijinta, ba."

"Haba Inna! Tawa ma ko motsi ba ta yi ba. Mai shagon da ya sayar mini da ita ya rantse minti ashirin take cika, batirin kuma yana kai kwana biyu bai mutu ba. Awa guda ke nan ina zaune!"

"To ni na sayar maka?"

"Macuci ne! Gobe zan mayar masa da tsiyarsa."

"Kai da gobe, ni da yanzu. Matsa in gani. Innalillahi! Awa guda ka tsare mutane, ko makunnin ba ka danna ba?"

"Ai na ɗauka a kunne yake."

"Ka ɗauka!"

Ta zare tasa, ta sa tata, ta danna. Ɗanta ya iso kafin a haihu, direba ya tafi da wayarsa a mace, mai shago kuwa bai ma san an zage shi ba.