Rumbun da Ban Taɓa Leƙawa Ba

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zamna tare da ku duka. Ni ce Hajara, tsohuwar da ke zama kusa da ƙofa saboda ciwon ƙafa. Yau zan gaya muku yadda Ubangiji ya same ni, kuma ku yi mini haƙuri in murya ta ƙi.

A shekarun da Turawa ke yaƙinsu can ƙasarsu, muna zaune a wani ƙauye kusa da Galma. Mu Arna ne a lokacin, al'adar kakanni muke bi. Maigidana dillalin bisashe ne, yana cin kasuwar Madawa da ta Buza, har Tamaske yakan kai, kuma in ya sa baki a ciniki da wuya ya watse. Ni kuwa kaɗi nake yi. Yadin kanti ya ɓace saboda yaƙi, don haka masaƙa ke bin zarena har gida tun yana kan mazari. Kuɗi na shigo mana ta ƙofa biyu. In ana maganar masu hali a garin nan, da gidanmu ake farawa. Ɗiyanmu biyu ne, Kuluwa wadda ta fara ɗaukar tulu, da ƙanenta Ila da ban daɗe da yayewa ba.

Amma ku san yadda zaman gida yake a wurinmu. Abin miji nasa ne, abin mata nata ne, kuma kunya ce ka tambayi wani abin da ya ajiye. In anka gama girbi, maigida ya zuba dammunan gero a babban rumbu, ya liƙe bakinsa da laka, ya kifa masa jinka. Ba a buɗewa sai ruwa ya sauka, lokacin noma. Mace ba ta hawa tsani ta leƙa rumbun mijinta. Duk rani da ɗan hatsin da ya ware mini nake ciyar da gida, in cika da nawa.

Rumbunmu kuwa ya fi na kowa girma. Kullum in na fito da safe na gan shi tsaye kamar giwa, sai hankalina ya kwanta.

To ina kuɗin zarena suke tafiya? Biki ke cinye su. Ga waɗanda ba su sani ba, in ƙawarki ta kawo miki gudummawa ranar sunanki, ke kuma ranar nata sai ki mai da mata ninki biyu, ita ma ta sake ninka miki. A tsakiyar taro maroƙi ke ɗaga abin da kika kawo, ya kira sunanki kowa ya ji. Ni kuma Allah ya yi ni da son a kira sunan nan. Ba bikin da ba ni da ƙawa a ciki, daga Galma har Alakai. Da kuɗi sunka ƙare sai na shiga sayar da awakina ɗaya bayan ɗaya, ina cewa sun tafi kiwo wurin Fulani. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, ai ga rumbu nan.

Ashe shi ma maigida da nasa bikin. Dillali ba ya zama dillali sai da doki da babbar riga, da baƙi a zaure kullum, da dangi masu zuwa da jaka wofi su koma da ita cike. Ban sani ba, duk sa'ad da na tafi biki na kwana can, sai ya hau ya fasa lakar, ya ɗebi dammuna, ya sake liƙewa. Shi ma bai ji tsoro ba, don a zatonsa matarsa na da garken awaki.

Ruwa ya sauka, anka yi shuka, hatsin hannuna ya ƙare. Na ce masa lokacin buɗe rumbu ya yi. Ya ce in bari sai gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi. Ranar da na tsaya masa a gaban tsani na ƙi gusawa, sai ya zamna a ƙasa ya dafe kai.

Ya ce, "Hajara, babu komi ciki. Ki saida akuya guda mu sai hatsi."

Na ce, "Wace akuya, maigida? Babu ko guda."

Munka dubi juna kamar baƙi. Gida mai ƙofar kuɗi biyu, ga shi ba mu da tuwon dare!

Damina kuwa ba lokacin cinikin bisashe ba ne, kuma ba auduga balle in yi kaɗi. Hatsi ya yi tsada a shekarar, masu shi sun ɓoye. Doki ya tafi a banza, riga ta bi shi, tasoshina da mundayena sunka bi riga. Abin da munka samu bai daɗe ba, don har lokacin zaure bai rabu da baƙi ba, kuma maigida ya kasa buɗe baki ya ce babu. Munka koma dusa da ganyen tafasa da anza, wadda ake jiƙawa kwanaki don ɗacinta ya fita. Kuluwa tana haɗiyewa da hawaye. Ila kuwa cikinsa ya ƙi karɓa. Zawo ya kama shi, ƙafafunsa sunka kumbura, gashinsa ya yi ja.

Na aje kunya, na goya shi, na tafi wurin babbar ƙawata Dije, wadda na kai wa akuya mai ciki ranar sunan ɗanta. Na roƙe ta ta mai da mini ko kaɗan daga bikina. Ta yi mini kyakkyawar tarba, ta ba ni ruwa, sa'an nan ta ce:

"Haba ƙawa, kin san biki ba a maida shi sai ran biki. In kin tashi suna ko arme, ni ka zuwa ta hwarko. Yanzu in na ba ki, mi za ni kai miki rannan?"

Ba mugunta ta yi mini ba. Da ni ce a wurinta, haka zan ce. Duk gidan ƙawar da na shiga, amsar ke nan.

Ila ya rasu da hantsi, a bayana, muna kan hanyar komowa daga rijiya. Ban ma sani ba sai da na sauke shi.

Ƴan'uwa, ga abin da har yau ke hana ni barci. Kafin la'asar gidanmu ya cika da ƙorai. Gero, dawa, gumba, fura, duk ƙawayena sunka kawo na gaisuwa, Dije ce a gaba tana kuka. Abin da na yi yawo ina roƙo ya zo da ƙafarsa, sai dai mai ci ba ya nan. Da hatsin gaisuwar Ila na ciyar da Kuluwa har sabon gero ya nuna.

Na daina yi wa maigida magana. A zuciyata shi ya kashe mini ɗa, na kuma san a tasa zuciyar ni ce. Na ɗaure kayana zan koma gidanmu, in bar masa rumbunsa. Kuluwa tana bin mu da ido, tana ramewa ko da akwai abinci.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wata Mariyama, matar wani mai wa'azin bishara da ke zaune bayan gari, waɗanda ba mai shiga gidansu. Kowa ya watse, ita ba ta daina zuwa ba. Takan karɓi taɓarya ta taya ni daka. Wata safiya na fashe mata, na zazzage duk abin da ke cikina, na zagi maigida, na zagi kaina. Ta bari na gama, sa'an nan ta ce akwai wanda ba a ɓoye masa rumbu wofi, kuma ba ya jiran ranar biki kafin ya ba mutum. Ta tambaye ni ko na yarda mu yi addu'a.

A gindin turmi munka durƙusa. Ban iya addu'a ba, abin da na ce kawai shi ne, "Yesu, in kana ji, ba ni da komi. Ga ni." Na yi kukan da ban yi ba ranar da anka rufe Ila. Da na ɗaga kai sai na ga maigida tsaye a bakin darni, hawaye na bin gemunsa. Ranar nan munka zamna a tabarma guda, kowa ya faɗi nasa, ba wanda ya rage komai. Na kwance kayana. Kafin shekara ta kewayo mu biyu munka ba da gaskiya.

Na fita daga biki, anka yi ta yi mini habaici a rijiya. Shi ma bai sake sayen doki ba. Kuɗin da ke shigo mana bai kai na dā ba, amma Kuluwa ba ta ƙara kwana da yunwa ba, ga ta can zaune da jikokinta.

Da kakar bayan rasuwar Ila ta zo, kafin ya liƙe rumbu, maigida ya riƙe mini tsani a gaban maƙwabta ya ce in hau. Na hau, na leƙa. Gero bai wuce rabi ba, amma ya ishe mu har da saura. Na tsaya can sama ina duban saurar nan, na kasa saukowa, don na san rabon wa ke nan.

Na gode wa Yesu da ya tsamo ni, ya tsare mini gida da ɗiyar da ta rage. Ku dogara gare shi, ba ya ƙyamar mai hannu wofi. Kuma ina roƙonku, in kun koma gida yau, miji da mata ku gaya wa juna gaskiyar abin da ke akwai da abin da babu, tun ɗiyanku suna iya haɗiye tuwo. Amin.