Tsamiyar Gonata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni manomi ne daga Kafur.

Shekara da shekaru ina hutawa a gindin tsamiyar gonata lafiya lau. Bara aminina Sule ya ce min aljanu sun tare a cikinta. Tun daga ranar, da rana ta take sai in ji ana kiran sunana, wallahi da kunnena. Tsoro ya sa na ba shi aron gonar.

Jiya na tarar da shi yana sharar barci a gindinta, masararsa har ta yi goyo. Na tashe shi na ce, ina aljanun? Ya ce, "Ai kai suke kira."

Masu sauraro, wa zan tuhuma, Sule ko kunnena?